Abin da Na Gani a Bayan Gwiwarki Ranar Ƙunshi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Bodinga, ranar Lahadi.

Zuwa ga ɗiyata ta fari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da surukanki, da fatan kun warware gajiyar biki. Allah ya sa Shagari ta karɓe ki, ya tsare ki a sabon ɗaki da sabuwar makarantar da aka tura ki koyarwa, ya kare ki daga sharrin hanya da na baki. Nan kowa lafiya. Labarin gida ki nema wurin ƙannenki, ba shi ya sa na ɗauki biro ba.

Kin sani tun da aka haife ki ban taɓa zaunar da ke na yi miki doguwar magana ba. Ke ce ta fari, kuma haka aka koya mini: ba na kiran sunanki, ba na ɗaukarki gaban mutane, in kin faɗi wata ce za ta tashe ki. Shekara ashirin da shida ina ce miki "ke" ko "ɗiyar Gwaggo", saboda yayar babanku, Gwaggo Ige, ita ta goye ki. To, abin da bakina ya kasa, takarda za ta iya. Ki karanta har ƙarshe.

Ranar ƙunshi na shigo ɗakin neman faranti, daidai lokacin da mai lalle ta ce ki ɗaga zane. Na ga bayan gwiwarki ta hagu. Jijiya ta taso, ta murɗe kamar igiyar guga da aka yar bakin rijiya, ta gangaro har sharaɓa. Kika ga na gani, kika yi wuf kika ja zane. Jijiyar ba ta tsorata ni ba, don yanzu na san abin da ake yi mata. Hannun da ya ja zanen nan shi ya hana ni sukuni, domin na san shi. Haka na riƙa jan nawa shekara goma sha tara.

Tawa ta fara ne da cikinki, ta ƙaru da kowane ciki bayanki. Ga tsayuwa gaban allo tun safe har azahar. Kafin la'asar sai in ji kamar an ɗaura mini turmi a kowace ƙafa. Idon sawu ya kumbura har maɗaurin takalmi ya bar shaida, fata ta yi ta ƙaiƙayi, wani lokaci sharaɓa ta ɗaure ina cikin barci in tashi ina salati. Abin da ke ba ni haushi har gobe shi ne ni ce malamar kimiyya ta aji biyar. Da hannuna nake zana zuciya a allo da jan alli da shuɗi, ina koya wa 'ya'yan mutane yadda jini ke fita ya dawo. In an tashi in koma gida in sauke zane har dugadugi don kada babanku ya gani. Mutumin da na haifa wa 'ya'ya shida, wai shi nake jin kunyar ya ga jijiya! Na karanta littattafai sun fi cikin akwati biyu, babu ɗaya da ya ce kumburin jijiya abin kunya ne. Ni na ƙirƙiro wa kaina.

Don haka ki nuna wa maigidanki ƙafarki a makon nan, da rana tsaka, ki ce masa gado ne daga uwarki. Ya auri mace ne mai jini da jijiya. In ya yamutsa fuska, gara ki sani tun yanzu. Amma na lura da yaron, ba na jin zai yi.

Wadda ta fara ganowa Gwaggo Ige ce, ta same ni ina wanke ƙafa a bayan ɗaki. Ta dafa ƙirji.

"Subhanallahi! Saratu, mi ag ga ƙahwarki haka? Wanga mataccen jini ne. In ba a hidda shi ba, shina hawa har zuciya."

Na san ba haka ba ne. Na sani sarai. Amma yayar miji ce, ta girme ni da shekara ashirin, kuma ɗiyata na hannunta. Na durƙusa na ce, "To, ranki shi daɗe." Washegari ta zo da wanzami da ƙahonsa.

Zan faɗi gaskiya a kan mutumin nan, don na daɗe ina ɗora masa laifin da ba nasa ba. Da ya dubi ƙafar sai ya ja baya ya ce, "Malama, wanga wuri ba na aska ba ne. Ni dai ba ni son shi." Gwaggo ta ce, "Kai, tsoro kaka ji? Ubanka ya yi min shi ba sau ɗaya ba." Ya dube ni, yana jiran in cece mu duka biyun. Ni kuwa na sunkuyar da kai na ce, "Yi abin da ta ce." Wanzamin da bai taɓa shiga aji ba ya ƙi, malamar kimiyya ta ce a yi.

Tsaga ta uku ta taɓa jijiya a saman idon sawu. Jini ya yi tsartuwa har bangon ɗaki. Gwaggo ta hau salati, wanzami ya rikice yana neman toka. A nan ne karatuna ya tuna da ni: na kwanta rigingine, na jingina ƙafar a bango, na cire ɗankwali na danne wurin da ƙarfi har ya tsaya. Ki riƙe wannan, ko ba don kanki ba. Irin wannan jijiya in ta fashe, a kwanta, a ɗaga ƙafa sama da ƙirji, a danne, sannan a nemi asibiti. Ba a tsayawa ana kallonta.

Wurin bai warke ba. Ya zama gyambo, ya rufe ya buɗe, ya rufe ya buɗe, shekara uku. Nan ma na ɓoye, ina naɗe shi da tsumma ina fesa turare. Ki girmama manya da gwiwarki da harshenki, ki kai musu ruwa, ki bar musu tabarma. Amma in babba ta ce a sa ƙarfe a jikinki, ki ce, "Ranki shi daɗe, sai na tambayi likita," ki maimaita har ta gaji. Ladabi bai kai ga jini ba.

Babanku ya gane ne da ya ga na koma salla a zaune. Ya jira na sallame ya ce, "Ɗaga zanen nan in gani." Da ya gani bai yi faɗa ba. Ya zauna bakin gado ya ce, "Saratu, shekara nawa kina tahiya bisa wanga abu cikin gidana?" Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ya kai ni Sakkwato aka yi hoton jijiya, irin na'urar da ake duba masu ciki, sai dai a tsaye ake yi. Likitar, wata mace da ba ta kai ni shekaru ba, ta juyo mini da allon na'urar. Ta ce a cikin jijiyoyin ƙafa akwai 'yan ƙyamare da ke buɗewa jini ya hau, su rufe kada ya dawo. Nawa, a doguwar jijiyar da ke ƙarƙashin fata daga cinya zuwa sawu, sun saki. Jini ya hau ya zubo, ya taru a ƙasa, shi ne nauyin, shi ne kumburin, shi ya hana gyambon rufewa. Ta ce za a iya toshe wannan jijiyar gaba ɗaya, amma sai an tura ni Abuja inda ke da kayan aikin.

Na ce, "A toshe? To jinin ya bi ina?"

Kafin ta amsa babanku ya riga ta. Kin san shi da lambun albasarsa. Ya ce, "Likita, in na gane, kamar hanyar ruwa ce da ta ɓalle tana ta malala gefe. In ka datse ta, ruwa shi koma babbar hanya, ko wane fangali shi samu." Ta yi dariya ta ce haka ne, manyan jijiyoyi na can ciki cikin tsoka, su ke ɗaukar mafi yawan aikin tun asali, kuma hoto ya nuna nawa lafiyarsu ƙalau. Shekaru ina koyar da zagayen jini, mai albasa ya fassara mini shi.

Aikin kansa bai kai fargabarsa ba. Ba a sa ni barci ba, ba a yanka ni ba. An kashe wurin da allura, aka huda kusa da gwiwa aka zura wata siririyar waya cikin jijiyar, suna kallo a na'ura. Aka bi cinya da allurai na ruwan kashe zafi, su ne kawai suka sa na cije leɓe. Sannan aka riƙa jawo wayar a hankali tana ƙona jijiyar daga ciki tana rufewa. Ƙafar hagu aka fara, mai gyambon. Aka naɗe ta, aka sa mini doguwar safa mai matsewa, aka ce in sauko in taka. Na taka da ƙafata na fita.

Likitan da ya yi aikin ya faɗa mini abu uku, ya sa na maimaita kamar 'yar aji ɗaya: in yi tafiya kullum, sau da yawa a yini, kada in bar safar sai lokacin da ya ce, a hanyar komawa gida a riƙa tsayawa ina sauka ina zagayawa. Na kiyaye a hanya. Babanku ya ishi direba da "tsaya nan" har muka iso.

Kuskurena mafi girma a gida na yi shi, kuma shi nake so ki fi riƙewa.

Muna shigowa na tarar Gwaggo ta shimfiɗa katifa a tsakar ɗaki, ta jera tabarmi. Labari ya bazu cewa an yi wa Malama Saratu tiyata a Abuja. Washegari 'yan dubiya suka fara sauka: malaman makarantarmu, matan unguwa, dangin babanku daga Shagari, 'yan uwan innata daga Kajiji a kan kabu-kabu, da ƙwaryar nono da kaji ɗaure a ƙafa. Kin san dubiya. Mutum ya bar gonarsa ya sha ƙura don ya ga mara lafiya, dole ya tarar da mara lafiya. In ya same ki a tsaye kina yawo, kamar kin ce masa ya yi zuwan banza. Duk sanda na yunƙura sai a yi caa: "Kwanta! Kwanta, baiwar Allah! Wa ya ga mai tiyata tana tahiya?" Ni kuma, in faɗi gaskiya, abin ya yi mini daɗi. Shekara ashirin ina dafa wa mutane, yau ni ake kawo wa farfesu ana yi mini fifita.

A rana ta biyu Gwaggo ta dubi safar ta ce, "Wagga aba ta shaƙe miki jini. Tuɓe ta a gasa miki ƙahwa da ruwan zahi, kamar na jego." Na sake cewa, "To, ranki shi daɗe." Kin ji? Bayan wanzami, bayan gyambo, bayan Abuja, bakina bai koyi wata kalma ba.

Kwana tara ina kwance ina amsa "sannu". A na goma sharaɓa ta kumbura ta yi tauri, ta ɗauki zafi, taka ƙasa ya gagara. Aka koma da ni Sakkwato wurin likitar nan. Hoto ya nuna jini ya daskare a ɗaya daga jijiyoyin ciki, waɗanda aka bar wa aikin duka. Ta ce irin wannan gudan jini in ya ɓalle ya tafi huhu, yana iya kashe mutum kafin a samo mota. Na tambaye ta ko kwanciyar ce ta jawo. Ta ce ba za ta rantse ba, yakan faru ko ga wanda ya kiyaye, ko da yake ba kasafai ba, amma ni na buɗe masa ƙofa na shimfiɗa masa tabarma. Wata uku ina shan maganin tsinka jini. Allah ya rufa asiri, ya narke.

Ranar na yi fushin da ban taɓa yi ba, kuma ba da Gwaggo ba. Da kaina na yi, matar da ta iya karanta takardar da likita ya ba ta da Turanci ta kuma ninke ta ta sa ƙarƙashin filo don kada baƙi su ji ba daɗi.

Bayan wata takwas aka yi ta dama. Wannan karon da muka dawo na tarar da katifar a inda take, na ce wa ƙannenki su naɗe ta. Da 'yan dubiya suka cika ɗaki na ɗauki mayafi na ce, "Na gode, Allah shi ba da lada. Likita ya ce maganina tahiya ne. Mai son gaishe ni shi biyo ni." Na fita da safata har cinya, na nufi hanyar lambu. Sai ga mata bakwai a bayana, wata da kwanon fura a hannu, suna "sannu Malama, ya jiki" muna tafe. Mutanen bakin hanya suka zaci rasuwa aka yi. Gwaggo na can baya da sandarta tana faɗin, "Wagga ɗiya ta haukace! Abuja sun taɓa mata kai!"

Kullum haka, safe da la'asar. A rana ta huɗu saura ni da Gwaggo kaɗai, don ta rantse ba za ta bar ni in faɗi a hanya ba kowa ba. Muka zauna hutawa gindin mangwaron bakin lambu. Can ta waiga ta ga ba kowa, ta ɗaga zanenta har gwiwa. Jijiyoyinta sun fi nawa, ga tabon ƙaho jere-jere tun daga sawu, wasu sun fi shekara arba'in, fatar ta yi baƙi ta bushe kamar ƙirgi. Ta ce, "Ni abin da anka yi min ke nan. Shi na sani." Sai ta sauke zanen.

Tun ranar ban sake jin haushinta ba. Abin da take da shi ta ba ni. Yanzu ita ma tana sa safa, bayan an auna ta an duba ta, tana zaginta kullum tana sawa.

Ga abin da aikin ya yi mini, ba ƙari ba ragi, don kada ki zaci sihiri ne. Nauyin nan na turmi ya tafi cikin makonni. Gyambon da ya shekara uku ya rufe kafin wata uku, bai sake buɗewa ba. Kumburi ya sauka har na koma sa takalman da na ba da ajiya. Ina salla a tsaye, ina sujada ba tare da lissafin yadda zan tashi ba. A bikinki na yini kan ƙafata, ke shaida ce. Amma jini ya kwanta a cinyata, ta yi shuɗi da kore kusan mako uku, kuma na daɗe ina jin kamar an ja igiya a cikinta in na miƙe ƙafa. Akwai wuri kamar faɗin tafin hannu a saman sawun hagu da har yau in na taɓa kamar jikin wani nake taɓawa. Baƙin tabon gyambo yana nan, da shi za a binne ni. Wasu ƙananan jijiyoyi ba su kwanta ba sai da aka bi su da allura daga baya. Bara kuma wata sabuwa ta ɗan taso a dama. Likita ta ce yakan faru, mu sa mata ido. Safa kuwa a zafin bazara azaba ce, ba zan yi miki ƙarya ba. Matan makarantarmu sun ɗauka ustazanci ne ya kama ni da girma, na bar su a haka. Duk da wannan, da za a mayar da ni baya, da na je tun kina goye. Ƙafar dama, wadda aka yi wa aiki kafin ta yi gyambo kuma na taka ta yadda aka ce, ko tabo babu. Ta hagu ita ke ɗauke da duk "to, ranki shi daɗe" da na taɓa faɗi. Kullum in na zo wanka ina ganinsu gefe da gefe.

Ban ce ke ma sai an toshe miki ba. Wataƙila safa da motsa ƙafa sun ishe ki shekaru. Ni ba likita ba ce, hoto ne zai faɗa. Amma ki je yanzu, kafin Allah ya kawo rabo, don ciki na ƙara ta, kuma ba a yin aikin ga mai ciki. Kafin nan, kada ki kafe gaban allo kamar turke. Ki riƙa zagaya layukan aji, in kina tsaye ki riƙa ɗagawa kan yatsu kina sauka. In kin dawo gida ki kwanta ki ɗora ƙafa kan filo biyu kafin ki shiga madafa. Gidan surukai akwai dogon durƙuso; ki gaida su da kyau, ki miƙe. Ban aiko miki da safata ba don sai an auna ƙafar mutum. In kuwa wata tsohuwa a Shagari ta ce mataccen jini ne, ki ce ta zo Bodinga ta tambayi Gwaggo Ige.

Na san halinki, irin nawa ne. Za ki karanta wannan ki yi hawaye, ki ce "to", ki ninke ta. Shi ya sa ban bar miki zaɓi ba. Na yi magana da likitar, ta ce mu zo ranar Alhamis ta sama. Babanku zai kira maigidanki ya nemi izini, ya kuma ce masa ya biyo mu in ya samu dama. Ni zan shigo motar farko, in sauka tashar Shagari, in tako da ƙafata har ƙofar gidanku. Ba zan aika a ce ana sallama da ɗiyar Gwaggo ba. Kunyar da ta hana ni nuna ƙafata ita ce ta hana ni kiranki, na kuwa ga abin da ta yi wa ƙafar. Zan tsaya a zaure in kira ki da bakina, surukanki na ji.

Balkisu.

Ga shi na rubuta, rufin ɗaki bai faɗo ba. Ki shirya da wuri, Balkisu, ki sa zanen da ba ya wuyar ɗagawa.

Allah ya tsare ki zaune da tsaye, ya tsare ƙafafunki daga ciwo da kuma taka inda bai yarda ba. Ya sa albarka a aurenki da allinki, ya haɗa mu ranar Alhamis cikin lafiya. Babanku na gaishe ki. Gwaggo ta ce in gaya miki safa ba ta kisa, tana dai sa mutum ya yi fatan mutuwa.

Wassalamu alaikum.

Innarki,
Saratu